Tun Ran Gini, Ran Zane: Tarihin Magudanan Ruwa na Birnin Landan da Darasinsa ga Sababbin Unguwanni

1.0 Gabatarwa

Kowane gida da aka gina a cikin birni yana fitar da ruwa iri biyu. Akwai ruwan sama, wanda yake sauka a kan rufi da tsakar gida, indararo ya zubo shi, rariya ta fitar da shi waje. Akwai kuma ruwan da mutanen gida suka ɓata, watau na wanka da wanki da wanke-wanke da na bayan gida, wanda akan kira ruwan kwatami. Ruwan sama yana da yawa ƙwarai, amma lokaci-lokaci yake zuwa, kuma da tsabtarsa yake saukowa. Shi kuwa ruwan kwatami bai kai shi yawa ba, amma kullum yana nan, rani da damina, kuma yana ɗauke da cuta.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda birnin Landan ya haɗa waɗannan ruwaye biyu a hanya guda a ƙarni na 19, da abin da wannan haɗi ya jawo masa cikin shekaru 150 da suka biyo baya. An zaɓi Landan ne saboda dalilai biyu. Na farko, tarihin magudananta a rubuce yake, shekara da shekara. Na biyu, yawancin dokokin tsabta da na tsara gari da Nijeriya ta gada daga Turawan mulkin mallaka, daga can suka samo asali. A ƙarshe za a waiwayi birnin Kano, domin a ga inda labarin biranen biyu ya haɗu, da kuma abin da ya kamata mai raba fuloti da mai ba da izinin gini su lura da shi.

2.0 Yadda Aka Haɗa Ruwan Biyu

A farkon ƙarni na 19 mutanen Landan sun kai kimanin miliyan ɗaya. A lokacin nan magudanan birnin na ruwan sama ne kaɗai, kuma yawancinsu tsofaffin rafuka ne da aka rufe da tubali, irin su rafin Fleet, waɗanda suke gangarawa Kogin Thames. Doka ta hana a zuba ƙazantar gida a cikinsu. Kowane gida yana da shaddarsa a ƙarƙashin ɗaki ko a bayan gida, har an ƙiyasta yawan shaddodin birnin da kimanin 200,000. In shadda ta cika, sai a kira masu kwasa su zo da dare su kwashe, su kai wa manoman karkara a matsayin taki.

Abubuwa uku suka rushe wannan tsari. Da farko, masu hali sun fara sa masai na zamani mai aiki da ruwa a gidajensu, irin wanda Joseph Bramah ya yi wa rajista a 1778. Shaddar da a dā take shekara ba ta cika ba, sai ta riƙa tumbatsa cikin 'yan makonni, domin yanzu ruwa ake ɗura mata. Na biyu, birnin ya yi ta faɗi, gonaki suka yi nisa, kuɗin kwasa ya hau. Na uku, a shekarun 1840 aka fara shigo da takin kashin tsuntsaye daga Kudancin Amurka, manoma suka juya wa takin birni baya.

A 1815 aka ɗage dokar da ta hana haɗa gidaje da magudanan ruwan sama. A 1844 aka yi dokar gine-gine wadda ta wajabta a haɗa sababbin gidaje da magudana maimakon haƙa shadda. A 1848 kuma aka kafa hukumar kula da magudanai, ta shiga rufe tsofaffin shaddodi tana juya ƙazantarsu cikin magudanai. Masu wannan aiki, irin su Edwin Chadwick wanda ya wallafa shahararren rahotonsa a kan tsabtar talakawa ma'aikata a 1842, sun yi imani cewa wari shi ke haddasa cuta. Saboda haka a ganinsu, in dai an raba gida da wari, to, an yi maganin abin. Ba su damu da inda ƙazantar za ta je ba. Ita kuwa Kogin Thames ta nufa, kogin da kamfanonin ruwa da dama suke ɗiba suna sayar wa jama'a su sha.

3.0 Kwalara da Babban Wari

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. Annobar kwalara, watau amai da gudawa, ta kashe mutum fiye da 6,000 a Landan a zuwanta na farko a 1832. A 1848 zuwa 1849, daidai lokacin da ake tsakiyar juya shaddodi cikin kogi, ta kashe fiye da 14,000. A 1853 zuwa 1854 ta sāke kashe fiye da 10,000.

A cikin wannan annoba ta uku ne wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida a unguwar Soho yana rubuta inda aka yi rasuwa. Ya gano cewa mamatan sun taru ne a kewayen wani famfon rijiya da ke titin Broad, ya kuma shawo kan hukumar unguwa ta cire hannun famfon a watan Satumba na 1854. Daga baya aka tona, aka tarar da wata tsohuwar shadda dab da rijiyar tana yoyo a cikinta. Duk da haka, mahukunta ba su karɓi ra'ayin Snow ba, ya rasu a 1858 ana nan ana ɗora wa wari laifi.

Abin da hujjar likita ta kasa yi, hancin 'yan majalisa ya yi shi. A bazarar 1858 aka yi matsanancin zafi, kogin ya janye, ƙazantar mutum fiye da miliyan biyu ta kwanta a gaɓa tana ruɓewa. Ginin Majalisar Dokoki kuwa a bakin kogin yake. An jiƙa labulen tagogi da maganin kashe wari, amma a banza. Wannan shi ne abin da tarihi ya sani da Babban Wari. Ministan Kuɗi na lokacin, Benjamin Disraeli, ya gabatar da ƙudurin doka, cikin kwana 18 aka zartar da shi, aka ba Hukumar Ayyuka ta Birni ikon ranto fam miliyan uku ta fara aiki. Shekaru aka yi ana jayayya a kan wannan kuɗi sa'ad da talakawa ne kaɗai suke mutuwa.

4.0 Aikin Bazalgette

Babban injiniyan hukumar, Joseph Bazalgette, shi ya tsara aikin, aka fara shi a 1859. Dabararsa ita ce a gina manya-manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, masu bin tsawon kogin daga yamma zuwa gabas, su tare tsofaffin magudanai kafin su isa kogi, su kwashe abin da suka ɗauko zuwa can ƙasa da birni, a Beckton ta arewa da Crossness ta kudu. A nan ake tara shi a sake shi cikin kogin sa'ad da ruwan teku yake janyewa. An gina kimanin mil 82 na manyan magudanai da mil 1,100 na ƙanana, an yi amfani da tubali miliyan 318. An buɗe gidan injin tura ruwa na Crossness a 1865, na Abbey Mills a 1868, aka kammala yawancin aikin wajen 1875.

Babu shakka aiki ne na a zo a gani, kuma ya ceci rayuka. Kwalara ta ƙarshe da aka yi a Landan, ta 1866, wadda ta kashe fiye da 5,000, ta fi tsanani ne a gabashin birnin, inda ba a riga an haɗa da sabon tsarin ba. Tun daga nan annobar ba ta sāke komowa ba.

Amma fa akwai wata shawara da aka yanke a lokacin wadda ta ɗaure birnin har yau. Akwai injiniyoyin da suka nemi a yi hanya biyu dabam-dabam, ruwan sama ya tafi kogi, ruwan kwatami ya tafi gona. Sai dai gidaje sun riga sun haɗu da tsofaffin magudanai, raba su kuwa yana nufin a tona kowane titi, a shiga kowane gida. Saboda haka Bazalgette ya bar su a haɗe. Da yake babu magudanar da za ta iya ɗauke ruwan sama mai ƙarfi gaba ɗaya, sai ya bar ƙofofi a bakin kogi, domin in magudana ta cika, rarar ta zube cikin Thames maimakon ta koma cikin gidaje. A zamaninsa wannan ba ya faruwa sai jefi-jefi, domin birnin yana da filaye da lambuna masu shanye ruwa.

5.0 Abin da Sababbin Gine-gine Suka Jawo

Ya kamata a nan a tsaya a yi ɗan lissafi. In ruwan sama na milimita ɗaya ya sauka a kan fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya, ya zama lita ɗaya. Gida mai rufin murabba'in mita 200, in aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, zai zubar da lita 10,000, watau duro 50. Unguwa mai gida dubu irin wannan za ta zubar da lita miliyan goma daga rufi kaɗai, ban da tituna da tsakar gida. Sa'ad da wurin yake gona, ƙasa da ciyawa suna shanye mafi yawan wannan ruwa, sauran kuma ya gangara a hankali. Da zarar an rufe shi da kwano da siminti da kwalta, kusan dukkansa zai kwarara, kuma a lokaci guda. Ke nan kowane sabon gini ƙarin kaya ne ga magudanar da ke ƙasa da shi, ko da mai ginin bai taɓa ganinta ba.

Haka ta faru a Landan. Tsarin da aka yi wa mutum kimanin miliyan huɗu, yau yana hidimar birni mai mutum kusan miliyan tara, an kuma malale filaye da dama da siminti. A farkon wannan ƙarni, ruwan milimita biyu kacal ya isa ya sa wasu ƙofofin nan su buɗe, har aka ƙiyasta cewa tan miliyan 39 na gurɓataccen ruwa yake shiga kogin a shekara. Don magance wannan aka haƙa wani ƙaton rami a ƙarƙashin kogin, mai tsawon kilomita 25 da faɗin mita 7.2, daga Acton zuwa Abbey Mills, wanda yake tara rarar har a sami damar tace ta. An fara shi a 2016, aka gama haɗa shi a 2025, ya ci fiye da fam miliyan dubu huɗu. Masu biyan kuɗin ruwa na yau su ne suke biyan wannan bashi, alhali an ci shi tun kakannin kakanninsu ba su zo duniya ba.

Wata masifa kuma ta sa aka sāke tunani daga tushe. A tsakiyar 2007 aka yi ambaliya a sassa da dama na Ingila, ta shiga gine-gine kimanin 55,000, mutum 13 suka rasu. Bincike ya nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na gine-ginen nan, ruwan saman da magudanai suka kasa ɗauka ne ya ci su, kogi bai je kusa da su ba. Rahoton da Sir Michael Pitt ya miƙa a 2008 ya ba da shawarar a daina bai wa mai sabon gini damar juye ruwan samansa cikin magudanar jama'a kai tsaye. A wannan shekara aka hana malale gaban gida da ya wuce murabba'in mita biyar da abin da ba ya shan ruwa, sai da izini. A 2010 aka yi dokar kula da ambaliya da ruwa, wadda ta tanadi cewa sabuwar unguwa ta riƙe ruwanta a inda ya sauka, ta hanyar tafkuna da kwaruruka masu ciyawa da ramukan shanye ruwa da daɓe mai ƙofofi. Yankin Wales ya wajabta wannan tun daga watan Janairu na 2019 ga duk ginin da ya wuce gida ɗaya ko ya kai murabba'in mita 100. A Ingila kuwa an jinkirta wannan sashe na dokar, aka wadatu da sa shi cikin sharuɗɗan ba da izini ga manyan ayyuka daga 2015. Babbar tambayar da ta kawo jinkirin ita ce: in mai gini ya sayar da gidajensa ya tafi, wa zai kula da tafkin?

6.0 Waiwaye ga Birnin Kano

Mutumin Kano da ya ji bayanin waɗannan tafkuna na zamani zai ce ai kududdufi ne. Tsohon birnin da ƙasa aka gina shi, tun daga ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134) har zuwa gidajen talakawa. Duk inda aka haƙi ƙasar gini sai rami ya saura, ramin nan kuma shi ke karɓar ruwan unguwar da aka gina da ƙasarsa. Watau girman kududdufi yana tafiya ne da yawan ginin da ke kewaye da shi. In ya cika, rarar ta gangara Jakara. Wanda ya saura kuma ya nutse a hankali ya ƙosar da rijiyoyi. Su ma sunayen wurare, irin su Tudun Nufawa da Tudun Wada da Kantin Kwari, shaida ne cewa mutanen dā suna lura da inda ruwa yake fitowa da inda yake kwanciya.

Wannan ba ya nufin tsarin ba shi da aibi. Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, da Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, dukkansu sun ambaci fadamar da ta ratsa birnin da ƙazantar da ake zubawa a cikinta. Matsalar ita ce dai waccan ta Landan: an bar ruwan kwatami da shara suna shiga ma'ajin ruwan sama.

Turawa sun ci Kano a 1903, shekara shida bayan Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka da idon maƙiyi suka dubi kududdufi, dubagari kuma ya ɗauke shi a matsayin gidan sauro. Suka gina wa kansu unguwa a Nasarawa, dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913. A 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kawo ruwan famfo daga Challawa. Wannan ci gaba ne babba, sai dai duk ruwan da aka shigo da shi gari dole ya fita, kuma ba a yi masa hanyar fita ta musamman ba. Har yau birnin ba shi da babbar magudanar ƙazanta ta bai ɗaya. Da shadda da sokawe ake amfani, ruwan wanka da wanki kuma ya bi kwata.

Tsarin raya birni na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda B.A.W. Trevallion ya jagoranta, ya yi ƙoƙarin shata wa birnin hanya, amma yawan jama'a ya tsere wa takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, duk da haka unguwannin awon igiya suka yi ta tsirowa a bayan gari, inda mai gona yake yanka gonarsa ya sayar ba tare da barin hanyar ruwa ba. A cikin birni kuma bulo da siminti suka maye gurbin tubali, aka daina buƙatar ƙasar kududdufi, sai aka riƙa cike shi da shara ana yanka fuloti a kai. Ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, da shi kuma ake ban ruwan lambunan da suke ciyar da kasuwannin birni. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ta tuna wa kowa cewa ruwa ba ya manta hanyarsa.

7.0 Kammalawa

Daga wannan tarihi ana iya fitar da abubuwa huɗu da suka shafi aikin ma'aikacin hukuma kai tsaye.

Na ɗaya, a raba ruwan sama da ruwan kwatami tun daga cikin gida. Haɗa su yana da sauƙi da araha a ranar gini, raba su daga baya kuwa ya gagari birni mai arzikin Landan.

Na biyu, a shata hanyar ruwa kafin a shata fuloti. Mai awo ya fara sanin tudu da kwari, ya keɓe kwarin a taswira a matsayin filin jama'a wanda ba a sayarwa. Fuloti mai ƙafa 50 sau 100, in aka rufe shi duka, zai tura wa maƙwabci fiye da lita 20,000 a ruwa guda na milimita 50. Don haka sharaɗin barin wani sashe na fili ba daɓe yana da muhimmanci daidai da sharaɗin tazarar gini daga titi.

Na uku, kududdufan da suka rage a ƙidaya su, a yi musu iyaka a hukumance, a tsare su daga shara da ƙazanta, a kuma yi musu katanga saboda yara. Maganin sauro da wari shi ne tsabtace kududdufi da buɗe masa mafita. Cike shi kuwa mayar da ruwansa ne cikin ɗakunan mutane.

Na huɗu, a rubuta sunan wanda zai kula da magudana tun ranar ba da izini, da inda kuɗin yasarta zai fito. Wannan tambaya ce ta tsayar da doka shekara da shekaru a Ingila, kuma ita ce take barin kwata a toshe a garuruwan ƙasar Hausa.

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar sabuwar unguwa yana yanke hukunci ne a kan gidajen da ke ƙasa da ita, da kuma mutanen da za su zauna a cikinsu bayan shekara ɗari. Landan tana da dukiyar da za ta haƙa ramin kilomita 25 don ta gyara shawarar 1815. Biranen da ba su da irin wannan dukiya, abin da ya rage musu shi ne su yi awon daidai tun filin yana gona.